Bukkar Mai Moussa a Saman Bene

A Lyon, aikin Mai Moussa tuƙa ƙaramin injin ɗaga kwalaye ne a wani sito da ke Vénissieux. A Paris kuwa Injiniya ne. Babu wanda ya ba shi wannan muƙami. Shi ya naɗa wa kansa wata rana a jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu, da ya ga ya zauna masa daram sai ya ƙi cirewa. In ka tambaye shi inda ya yi karatun, sai ya ce gini a jininsu yake, kakansa ne ya gina rabin Maradi. Waɗanda suka san gidansu sun ce goro tsohon yake sayarwa, rumfar da yake zama a ciki ma ta aro ce.

Matarsa Zouera ba ta da lokacin musu a kan kakan kowa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a hawa na sha huɗu a dogayen benayen Minguettes, inda asansar, injin hawa benen, yake aiki ranar da ya ga dama. Ta hau matakalar nan da cefane, ta hau ta da zazzaɓi, ta hau ta har gwiwarta ta fara magana. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma a nan Allah ya buɗe mata. Ta yi jinyar matar wani tsoho Bafaranshe, Mushe Michel, wato malam a bakin Faransawa, shekara biyu har matar ta rasu. Tsohon bai manta ba, ya ba su hayar saman gidansa: tsohon gida mai bene ɗaya, daɓen katako, da ɗan fili a baya. A filin Zouera ta shuka na'a-na'a da yakuwa. Ranar da suka tare sai da ta yi kuka don murna, matakala goma sha biyu kacal.

Da zai miƙa makulli, Michel ya ce, "Gidan nan ya girme ni, ya girmi mahaifina. Kada a kafa ko ƙusa ɗaya ba a tambaye ni ba. Ranar da aka taɓa shi, ranar za ku maido mini da makullina."

Ba Zouera yake kallo ba da yake maganar. Mai Moussa yake kallo, wanda a lokacin ya kara kunne a bango yana ƙwanƙwasawa da yatsa.

Wata takwas aka yi lafiya. Sai aka yi wa Gwaggo Kaltouma, ƙanwar mahaifin Zouera, aikin ido a Paris, Zouera ta ce za ta je ta zauna da ita sati biyu. Mai Moussa ya raka ta, ya ajiye ta, ya zarce shagon wayoyi na Alhaji Brahim a unguwar Goutte d'Or, inda majalisar 'yan gida take zama. Shi da Alhaji Brahim shekara ashirin suna gaisawa da fara'a, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe.

Ya tarar ana zagaya wani hoto a waya. Rumfar ciyawa ce a cikin falo, da kantar gora irin ta masu shago, da fitilu kala-kala, da wani sassaƙaƙƙen kai mai yage baki, ƙasa kuma an malale ta da yashi.

"Wanga shi a ka ce ma tiki," in ji Alhaji Brahim. "Nasara masu hali ka yin shi cikin gidajensu, wurin shan abin sha. Amma sai gwani."

Mai Moussa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya yi tsaki. "Alhaji, wagga ai bukka ce. Irin wadda muke ɗaure awaki a gida. Fitila kawai anka sa mata."

"To ai ga Injiniya. Yi mu gani."

"Sati biyu."

"Mashaya cikin gidan Musulmi?"

"Bisap, zoɓonmu na gida, da lemun hari mai citta, da ruwan kwakwa. Wanda ya bugu da bisap, da buguwarshi ya taho daga gida."

"Hajiya Zouera ta sani?"

"Ba-zata zan yi mata."

"Wannan kam za ta same ta," in ji Alhaji Brahim, yana mai da wayarsa aljihu.

Kafin a tashi an yanke magana. Asabar ta sati biyu, Alhaji zai ɗauko Zouera da Gwaggo a motarsa, da duk ɗan majalisar da ya samu kujera a mota, su zo Lyon buɗe bukka.

Michel na da al'ada guda: kullum ƙarfe biyu sai ya fita wasan jifan ƙwallon ƙarfe da tsofaffin unguwa, sai biyar ya dawo. Waɗannan awoyi uku su ne lokacin aikin Injiniya, wanda ya ɗauki hutu a sito saboda wannan gagarumin aiki. Ranar farko ya shigo da gora da zana da damin ciyawa. Ya auna bangon falo da taƙi, domin a cewarsa ma'auni na 'yan koyo ne. Ya ɗora ƙusa, ya yi bismillah, ya buga. Bango ya yi tartsatsi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, shi kuma ya tsinci kansa zaune a ƙasa da guduma a cinya, bai san lokacin da ya zauna ba.

Michel ya dawo ya tarar firjinsa ya yi shiru. Ya tsaya a gindin matakala ya kira Mai Moussa.

"Duk unguwa ce, Mushe Michel," Mai Moussa ya ce daga sama.

Michel ya leƙa taga. Talabijin ɗin maƙwabta na ta surutu.

"Su ga su da wuta."

"Ta jiya ce ba su ƙarar ba."

Tsohon ya je ya kira mai gyara. Mai gyaran ya sha wuya kafin ya gano inda wayar ta yanke, don Mai Moussa ya rataya kalanda a kan ƙusar.

Maganar sassaƙaƙƙen kai ta ɗan dame shi. Ya san in Gwaggo Kaltouma ta ga gunki a gidan ɗiyarta, sabon idon da aka gyara mata zai koma gidan jiya. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zo wa mutum in babu mai hana shi. Ya shiga kicin ya fito da turmin Zouera, wanda mahaifiyarta ta ba ta, ta ɗauko shi tun daga Maradi a jirgin sama. Ya zana masa idanu biyu da jan fenti, da haƙora goma sha shida da fari. Turmi dai turmi ne, babu malamin da zai ce gunki ne.

Saura yashi. Hoton ya nuna yashi, kuma Injiniya ba ya yin rabin aiki. Buhu sittin ya sa aka sauke masa a bayan gida, ya riƙa hawa da su ɗaya-ɗaya. Rana ta uku ruwan sama ya kori 'yan wasa, Michel ya dawo da wuri, suka yi kiciɓis a matakala.

"Mene ne wannan?"

"Shinkafa."

"Na ga irinsa da yawa a bayan gida. Duk ku biyu za ku cinye?"

"Muna da dangi, Mushe Michel."

Gindin buhun a huje yake, yana tsiyaya a kan takalmin tsohon. Michel ya duƙa ya murza abin a yatsunsa.

"Shinkafarku akwai ƙasa."

"Shi ya sa take da araha," in ji Mai Moussa, ya wuce da sauri.

Ran nan da yamma falon Zouera ya zama bakin teku. Yashi ya kai idon sawu, bukka ta tsaya a tsakiya ta ɗan karkata hagu, turmi na bisa kantar yana murmushi. Mai Moussa ya ɗauki hoto ya aika wa Alhaji Brahim. Amsa ta dawo da kalma biyu: "Allah kiyaye." Ya karanta ya ce hassada ce.

Wadda ta fara yaba aikin da gaske kyanwar Michel ce. Ta hau ta taga ta ga abin da ba ta taɓa mafarki ba, makewayi mai faɗin ɗaki guda. Ta yi abin da ya kawo ta, ta rufe da kyau, washegari ta dawo da ƙawayenta. Kafin kwana biyu falon ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa. Ga zafin watan Yuli, in ya kunna fanka ƙura ta tashi har cikin kwanon abinci.

To duk wanda ya tashi a gidan da tsakar gidansa yashi ce ya san maganin wannan. In la'asar ta yi, a share, a yayyafa ruwa, ƙura ta kwanta, gida ya yi sanyi, sannan a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Haka mahaifiyarsa take yi kullum. Ya ɗauko bokiti ya yayyafa, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Mai Moussa ya zauna dirshan a yashin. Shekara ashirin da uku rabonsa da wannan ƙamshi da la'asar, har sai da idonsa ya kawo ruwa, ya ji kamar zai jiyo muryar tsohuwar tana kiran a ɗauke tabarmi. Wannan kaɗai ne abin gaskiya a duk aikin, kuma shi ne ya kashe su. Domin washegari ya ce bokiti aikin mata ne, ya jawo tiyo daga famfon banɗaki. Kullum la'asar sai ya ba yashin ruwa har ya ƙoshi. Abin da bai tuna ba shi ne, a ƙarƙashin tsakar gidan mahaifiyarsa ƙasa ce har iyakar duniya. A ƙarƙashin tasa kuwa katako ne mai shekara ɗari da ashirin, a ƙarƙashin katakon kuma Mushe Michel.

Zouera ta bugo waya ranar Laraba.

"Kana ba shukata ruwa?"

"Ruwa kam ba a fashin shi a gidan ga."

"Ba ka taɓa komi ba ko?"

"Mi zan taɓa?"

Ta ajiye wayar. Ta san muryarsa in yana gaskiya, kuma ba wannan ba ce.

Ranar Alhamis Michel ya kira shi ƙasa, ya nuna masa rufin falonsa. Wani tabo ne ruwan ƙasa, ya yi faɗin tabarma, tsakiyarsa ta ɗan yi ciki. Farin gari na sauka a hankali cikin kwanon miyar tsohon.

Mai Moussa ya goya hannu a baya, ya zagaya teburin sau biyu.

"Gumi ne."

"Gumi?"

"Zafi ya yi yawa. Tsohon gida yakan yi gumi, mu a fanninmu sananne ne. Kada ka taɓa shi, da kaka zai bushe."

"Ina so in hau in duba."

"Ai da na so. Amma a al'adarmu namiji ba ya shiga falon mace in ba ta nan. Jibi za ta dawo."

Michel mutum ne mai ganin girman al'adar mutane, ya fi kuma ganin girman Zouera. Ya janye kwanonsa zuwa ɗaya gefen teburin, ya ce zai jira jibi.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Tun hantsi Mai Moussa ya saki tiyo, don baƙi na musamman sai yayyafi na musamman. Ya sa riga mai furanni a kan wandon shadda, ya jera kofuna kowanne da 'yar ƙaramar lema ta takarda a ciki. Ƙofar falon ta ƙi rufuwa tun jiya, ya ce katako ne ke miƙa.

Da azahar motoci uku suka tsaya a ƙofar gida. Mutum goma sha tara suka fito, domin labari ya zagaya Goutte d'Or, har wanda bai san Mai Moussa ba ya samu kujera. Zouera ce ta fara hawa, riƙe da hannun Gwaggo. Ta tsaya a bakin falonta. Ta kalli yashi, ta kalli bukka, ta kalli labulenta da aka yanka aka yi wa kantar zani.

"Mai Moussa, ina kujeruna?"

"Suna ɗaki. Ki shigo ki ji sanyi."

"Mushe Michel ya gani?"

"Zai gani. Zai ƙara muna hayar shekara goma."

Gwaggo Kaltouma ta gyara baƙin tabaron asibiti, ta matsa kusa da kanta.

"Zouera, likitan nan ya ɓata mini ido. Ina ganin turmin uwarki shina yi mini dariya."

"Idonki lahiya lau, Gwaggo," in ji Zouera.

Jama'a suka tuɓe takalma suka shigo, ƙafafu na nutsewa a laima. Aka raba bisap. Wasu na ɗaukar hoto, wasu na yaba ƙamshin ƙasa, wani ya tako abin da kyanwa ta binne ya yi shiru don kunya. Mai Moussa na bayan kanta yana bayani: yadda ya lissafa nauyin ciyawa, yadda Turawa biyu suka roƙe shi ya yi musu irinta ya ce ba shi da lokaci. Ƙasan na ta ƙara a hankali, ƙiiƙ, ƙiiƙ, ya ƙara wa rediyo murya.

Alhaji Brahim bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Ya ajiye kofinsa a kan kanta, kofin ya kama hanya shi kaɗai, ya gangara har tsakiya.

"Injiniya, kofina shina tahiya."

"Santsin gora ne."

"Kuma na ga mutanen tsakiya sun hi na gehe gajarta. Malam Moctar da munka taho ya hi ni tsawo."

Aka yi dariya. Zouera ba ta yi ba. Ta kama hannun Gwaggo ta ja ta bakin bango, ta ce wa mutane su rage a tsakiya. Wannan ne ya ƙona wa Mai Moussa rai, matarsa ta goyi bayan Alhaji a gaban Paris gaba ɗaya. Ya fito daga bayan kanta ya tsaya a tsakiyar falon, mutane suka dare masa.

"Wanga daɓe, ko raƙumi anka hau da shi ba ya motsi. Ni na duba shi da hannuna. Ku gani."

"Mai Moussa, kada," in ji Zouera.

Ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu. Babu abin da ya faru. Ya dubi Alhaji Brahim ya buɗe hannuwa.

"A sake?" ya ce.

"Ni ban ce ba," in ji Alhaji.

Ya sake.

Ƙarar ba ta ma yi yawa ba, kamar an karya rake ne. Mai Moussa ya shige ƙasa har hammata, ya maƙale, hannuwa a baje a kan yashi. Bukka ta yi sujada a kansa, ciyawar ta zauna masa kamar malafa. Yashi ya fara bin gefen cikinsa yana zurarewa ƙasa. Baƙi goma sha tara suka manne da bango, kowa da kofinsa da 'yar lemarsa.

A ƙasa, Allah ya taimaki Michel ya tashi ɗauko gishiri. Ya juyo ya tarar da ƙafafu biyu cikin wandon shadda suna lilo a saman teburinsa, jiƙaƙƙen yashi na sauka a kan abincinsa, a kan kujerar marigayiya matarsa, a kan hoton aurensu. Ya ɗaga kai.

"Mushe Moussa, shinkafarku tana zuba."

'Yan kwana-kwana suka zo da jiniya, unguwa ta fito kallo. Aka sauko da baƙi ɗaya-ɗaya, aka jera su a titi. Fitar da Injiniya ta ɗauki kusan awa guda, biyu na ja ta sama, biyu na turawa ta ƙasa, shi kuma yana ba su shawara a kan inda ya kamata su sa ƙarfi. Ya fito lafiya, sai dai wandon ya zaɓi ya zauna a gidan Michel. Aka sauko da shi ɗaure da labulen kantar nan.

Shugaban 'yan kwana-kwanan ya buɗe takarda a gaban jama'a.

"Wa ya zuba yashi a kan wannan katako, har ya ba shi ruwa?"

Duk idanu suka koma kan Mai Moussa.

"Sana'arka?"

Mai Moussa ya duƙar da kai yana gyara ɗaurin labulen.

"Injiniya ne," Alhaji Brahim ya taimaka masa, cikin ladabi.

Michel bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya tako har gaban Zouera, hular kansa duk farin gari, ya miƙa tafin hannu.

"Madam Zouera, kin riƙe matata kamar mahaifiyarki. Ba zan manta ba. Amma na faɗa tun ranar farko."

Ta kwance makullin daga bakin zanenta ta sa masa a hannu. Ba ta roƙe shi ba, don ta san yana da gaskiya, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta zagaya bayan gida ta tumɓuke na'a-na'arta da saiwa. Ta rasa abin zubawa, sai wani ɗan kwana-kwana ya miƙo mata turmi, wanda ya gangaro ta ramin bai ko tsage ba.

Ƙanwarta Rékia ce ta ba su ɗaki ɗaya kafin su samu wuri. A Minguettes take, benen da suka baro, hawa na sha huɗu. Asansar ya mutu tun ranar Talata.

Zouera na gaba, tana hawa tana dafa gwiwa. Mai Moussa na baya rungume da turmi, na'a-na'a na shafar haɓarsa, haƙora goma sha shida na kallon duk wanda suka gamu da shi. A hawa na tara ta tsaya ta huta, ta share ido da gefen mayafi. Ya gani, kunya ta kama shi ta gaske. Ya yi shiru hawa biyar cur, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

Rékia ta buɗe ƙofa, Zouera ta shiga. Daga inda yake tsaye Mai Moussa ya hango barandar gidan, rana na dukanta. Ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ya saurara.

"Zouera, wanga kam siminti ne. Barandar can, in anka samu buhu goma kacal..."

Ta juyo ta zare na'a-na'arta daga cikin turmin, ta bar masa turmin a hannu. Sannan ta rufe ƙofa, ya ji makulli ya juya sau biyu.